Kyamarar Aro da Bindigar Roba: Finafinan Faɗa da Ɗalibai Ke Yi da Kuɗin Aljihu

A shekarar 1991 wani ɗalibin Jami'ar Texas da ke Austin, Robert Rodriguez, ya kai kansa wata cibiyar gwajin magunguna, ya kwanta kusan wata guda ana ba shi ƙwaya ana ɗibar jininsa, don kawai ya samu kuɗin yin fim. Ya fito da kimanin dala 3,000, da labarin da ya rubuta yana kwance, har da mutumin da zai fito a bos, domin a cikin abokan kwanciyarsa ya haɗu da Peter Marquardt. Daga nan shi da abokinsa Carlos Gallardo suka tsallaka iyaka zuwa Ciudad Acuña, garin su Gallardo a jihar Coahuila ta Meziko, suka ɗauki El Mariachi cikin mako biyu a kan abin da ya ɗan haura dala 7,000. Shekarunsa 23 a lokacin.

Labarin nan ya zaga duniya, kuma da wuya a samu matashin da ke mafarkin yin fim ɗin faɗa bai ji shi ko makamancinsa ba. Amma El Mariachi ɗaya ne tak daga cikin wani jinsin finafinai mai ɗimbin yawa wanda littattafan tarihin silima ba su cika tsayawa a kansa ba, wato finafinan 'yan fashi, dillalan ƙwaya da 'yan daba da samari ke yi da kuɗin aljihu a garuruwan da ke nesa da manyan cibiyoyin fim. Masu yin su wani lokaci ɗaliban jami'a ne, wani lokaci waɗanda suka ajiye karatu a tsakiya, wani lokaci kuma almajiran wani malamin kareti da suka gaji da naushin iska a filin atisaye. Mafi yawan finafinan ba sa wuce unguwar da aka yi su. Ƙalilan ne ke rayuwa, kuma a ganina abu guda ya haɗa waɗanda suka rayu: masu yin su sun dubi abin da ke hannunsu da garin da suke ciki tukuna, sannan suka ɗauki alƙalami.

Me ya sa kullum laifi da faɗa? Fim ɗin soyayya a fuskar 'yan wasa yake rataye. Idan jaruma ba ta iya nuna abin da ke ranta da ido ba, fim ya mutu, ɗalibi kuwa ba shi da ƙwararrun 'yan wasa, abokan aji gare shi da ƙanne da maƙwabta. Fim ɗin tarihi yana son dawaki da alkyabba da fada cike da jama'a. Barkwanci baiwa ce, ba a tilasta ta. Shi labarin laifi jaka ɗaya yake buƙata, da mutum biyu da kowannensu ya rantse sai ya mallake ta, da lungun da za a bi da gudu. Gudu ba a biyan sa, haura katanga ma haka. Mai kallo kuma ba sai ya ji yare ba kafin ya gane cewa wanda ake bi yana cikin hatsari, shi ya sa yaran Kano da na Damagaram suka haddace finafinan Bruce Lee tun daga farko har ƙarshe ba su taɓa damuwa da abin da ake faɗa a ciki ba. Sannan akwai dalilin da ya fi wannan nauyi. Saurayin da ya tashi a garin da masana'antu suka rufe, ko a bakin iyakar da ake safarar ƙwaya, ko a unguwar da kowa ya san gidan da ake sayar da kayan maye, labarin laifi ba baƙonsa ba ne. Ya san yadda waɗannan mutane ke tsayuwa, da yadda suke gaisawa, da irin shirun da kan sauka a layi idan sun shigo. Wannan ilimi ne da babban kamfani ke kashe kuɗi ya yi bincike a kansa, shi kuwa da shi ya girma.

Ya kamata a tsaya a ga yadda Rodriguez ya yi aikinsa, domin a nan darasin yake. Kafin ya rubuta komai sai da suka lissafa abin da za su samu ba tare da biya ba a Acuña: mashaya biyu, gidan gona, babur, motar bas, kare, da gidan yarin garin. Har kunkurun da suka tsinta a hanya ya shiga fim. A kan wannan lissafi ya gina labarin wani mawaƙi mai neman aiki da ya shigo gari sanye da baƙaƙen kaya, riƙe da akwatin jita, a daidai lokacin da wani ɗan ta'adda mai suna Azul ya fito daga kurkuku, shi ma da baƙaƙen kaya da akwatin jita, sai dai nasa cike yake da makamai. Yaran bos suka ɗauki wannan a matsayin wancan, farauta ta fara. Akwati biyu da riga iri ɗaya sun ɗauki nauyin fim gaba ɗaya.

Kyamarar ta aro ce, Arriflex mai cin fim na milimita 16, kuma tana da ƙara har ba a iya ɗaukar magana tare da hoto. Don haka sai ya ɗauki fitowa babu sauti, ya ajiye kyamara, ya ɗauko rikoda, ya sa 'yan wasa su maimaita maganar a wurin nan take. Da ya zo tacewa, duk inda baki da murya suka saɓa sai ya yanke zuwa wani abu daban, ko kare, ko hannu a kan bindiga, ko fuskar mai sauraro, ya dawo bayan sun sake daidaita. Saurin yankan nan da masu sharhi suka riƙa yabawa a matsayin salonsa, daga rufa asirin rikoda ya samo asali. Keken guragu da aka aro daga asibiti shi ne abin tura kyamara. Ma'aikata babu, ɗan wasan da ba ya cikin fitowa shi ke riƙe fitila. Kusan komai sau ɗaya ake ɗauka saboda tsadar fim, idan ɗan wasa ya yi tuntuɓe a magana ba a komawa farko, sai a sauya kusurwar kyamara a ɗora daga inda ya tsaya. Marquardt ba ya jin Sifaniyanci, rubuta masa ake yi yana karantawa a ɓoye. Rodriguez bai ma wanke fim ɗin zuwa na majigi ba, juye shi ya yi a kaset ɗin bidiyo ya tace a haka, domin kasuwar da ya nufa ita ce ta kaset ɗin masu jin Sifaniyanci. Niyyarsa ya sayar, ya mayar da kuɗinsa, ya yi wani, ya koyi sana'a a inda ba wanda ya san shi.

Sai dai adadin nan na dala 7,000 ya yaudari mutane da yawa. Fim ɗin da ya ci kyautar masu kallo a bikin Sundance na 1993, ya kuma tara kusan dala miliyan 2 a gidajen silima, ba shi ne ainihin wanda ya fito daga hannun ɗalibin ba. Kamfanin Columbia Pictures da ya saye shi ya kashe kimanin dala 200,000 wajen mayar da shi fim na milimita 35 da gyara sautinsa, ban da kuɗin talla. Kuma a cikin dala 7,000 ɗin ba a lissafa kyamarar aro ba, ba a lissafa gumin mutanen da suka yi aiki kyauta ba, ba a lissafa shekarun da ya kwashe tun yana yaro yana ɗaukar ƙannensa da kyamarar bidiyon gidansu ba, ga su su goma ne a wurin iyayensu. Gajeren fim ɗinsa Bedhead ya riga ya ci kyaututtuka kafin ya je Meziko. Hannunsa ya faɗa tun kafin ranar da ya kunna Arriflex. Wanda ya ji labarin ya ɗauka arhar ce sirrin, ya tara abokai ranar Asabar babu shiri babu gwaji, abin da zai samu daban ne. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Christopher Nolan ya bi irin wannan hanya a Landan da Following na 1998, wanda ya yi da abokan da ya sani tun a ƙungiyar fim ta jami'arsu, a kan kimanin dala 6,000, suna ɗauka ranakun Asabar har kusan shekara guda saboda kowa yana da aikin da yake ci da shi. Sun yi ta maimaita wasa kafin a kunna kyamara don kada fim ya tafi a banza. Abin da ya fi burge ni a shawarwarinsa shi ne makami. Ya lura cewa bindigar ƙarya a fim mai ƙaramin kuɗi ba ta taɓa yin kama da ta gaske, nauyinta da ƙararta suna tona asiri, sai ya ba mugun guduma. Guduma kowa ya san nauyinta, kowa ya taɓa buge yatsa da ita, tsoron da take jawowa ya fi na bindigar roba nesa ba kusa ba.

Wanda ya fi dacewa da sunan fim ɗin yanki kuwa a jihar Ohio ta Amurka aka yi shi. Dayton gari ne na masana'antu, garin 'yan'uwan nan biyu Wright da suka ƙera jirgin sama, kuma zuwa shekarun 1980 ayyukan yi sun fara guduwa daga cikinsa kamar sauran garuruwan ƙarfe na yankin. Jim Van Bebber yana karatun fim a Jami'ar Wright State, sai ya karɓi bashin karatu ya zuba shi a fim, ya bar makaranta. Shekaru ya yi yana ɗaukar Deadbeat at Dawn kaɗan-kaɗan, duk sanda kuɗi suka samu, har ya fito a 1988. Shi ya rubuta, shi ya ba da umarni, shi ne jarumi, shi ya tace, shi ya tsara faɗan. Labarin ba sabo ba ne: Goose, shugaban wata daba mai suna Ravens, ya yarda zai tuba saboda budurwarsa, abokan gaba suka kashe ta, ya faɗa shaye-shaye, ya dawo ɗaukar fansa ta hanyar wani fashin motar kuɗi. Wasan wasu daga cikin 'yan fim ɗin danye ne, sautin ma yana hawa yana sauka. Amma akwai abin da ke cikinsa wanda kuɗi ba sa saye. Akwai Dayton ta wancan zamani, da gine-ginen da aka yi watsi da su, da maƙabartar da ake haɗuwa a yi faɗa, da ɗakin uban Goose, tsohon soja da ƙwaya ta cinye, wanda ke neman kuɗin allura a hannun ɗansa. Fitowar uban nan ta fi duk zubar da jinin fim ɗin tayar da hankali, kuma ba ta ci komai ba sai ɗaki ɗaya da mutum biyu. Shekara talatin bayan fitowarsa, a 2018, kamfanin Arrow Video ya gyara shi ya sake fitar da shi, kuma masu kallon yau suna ganin garin da ya sauya kama, wanda babu wani babban kamfani da ya taɓa tunanin ajiye hotonsa.

Van Bebber da kansa ya yi duk tsalle-tsallen fim ɗin, ya sauko daga dogon gini da igiya, ya maƙale a jikin mota tana gudu, kuma a titi suke ɗauka babu izini. Masoyan fim ɗin suna ba da wannan labari da alfahari. Ni ban ga abin alfahari a ciki ba, sa'a ce ya taka. Ɗan wasa Brandon Lee harbin bindigar fim ne ya kashe shi a 1993 wurin ɗaukar The Crow, mai ɗaukar hoto Halyna Hutchins ma haka ta rasu a 2021 wurin ɗaukar Rust, kuma waɗannan wurare ne da ke da ma'aikatan da aikinsu kenan kula da makamai. A 2017, a garin Crawfordsville na jihar Indiana, wani ya hango mutum da fuska a rufe ya shiga mashaya da bindiga, ya kira 'yan sanda, suka zo suka harbi ɗan wasan, Allah ya sa harsashin bai same shi ba. Masu fim ɗin ba su sanar da 'yan sanda ba. A garuruwanmu, inda ihun ɓarawo ɗaya ya isa tara jama'a da duwatsu da gora, inda 'yan sintiri ke kwana da shirin ko-ta-kwana, saurayin da ya rufe fuska ya ɗauki bindigar katako ya shiga lungu ba tare da mai unguwa da ofishin 'yan sanda sun sani ba, da ransa yake wasa, da na abokansa.

A Afirka babu misalin da ya kai na Wakaliga, wata unguwar talakawa a Kampala ta ƙasar Yuganda. Isaac Nabwana, wanda bulo yake bugawa a da, ya kafa Ramon Film Productions a 2005 a cikin gidansa. Bai shiga makarantar fim ba, 'yan wasansa kuwa yawancinsu ɗaliban kungfu ne na unguwa. Kwamfutocin da yake tacewa da su shi ya harhaɗa su daga tsofaffin sassa. Bindigogi maƙerin ƙungiyar, Dauda Bisaso, ke haɗa su da walda daga ɓaraguzan ƙarfe da bututu, har da ƙirar jirgi mai saukar ungulu. Jini da farko na shanu suke samowa daga mahauta, sai da ya sa wani ɗan wasa rashin lafiya suka koma ruwa mai launi. Who Killed Captain Alex? na 2010, labarin sojoji da wata ƙungiyar miyagu mai suna Tiger Mafia, bai ci dala 200 ba.

Abin da ya bambanta Wakaliga da su Rodriguez shi ne kasuwa. Rodriguez wata kasuwa ya nufa, wata ta ɗauke shi. Nabwana maƙwabtansa ya yi wa fim, cikin harshen Luganda, kuma ya san su ɗaya bayan ɗaya. A lokacin, idan fim ya fito, 'yan wasan ne ke sa kayan da suka yi wasa da su, su bi gida-gida da kasuwa-kasuwa suna tallar faifai, a raba ciniki da su, kuma kwanaki kaɗan gare su kafin masu satar fasaha su cika gari da kwafi. Duk ɗan kasuwar fim da ya yi zamanin faifai a Ƙofar Wambai ya san wannan tsere. Akwai kuma al'adar gidajen kallo na Yuganda, inda wani mai baki ke riƙe da makirufo yana fassara fim yana ƙara masa gishiri. Sigar Captain Alex da duniya ta sani tana ɗauke da muryar irin wannan mutum, VJ Emmie, yana ihu yana zolayar bosawa. Wanda ya saba da fassarar finafinan Indiya ta Algaita ba zai ji abin baƙo ba. Tallar fim ɗin da aka ɗora a YouTube ce ta jawo wani Ba'amurke, Alan Hofmanis, ya baro New York ya tare a Wakaliga a 2011. Fim ɗin Nabwana Bad Black ya ci kyautar masu kallo a bikin Fantastic Fest na Austin a 2016, an nuna wani nasa, Crazy World, a bikin Toronto a 2019, a 2022 kuma aka gayyace su baje kolin fasaha na documenta a Kassel ta Jamus.

A nan wata tambaya mai ɗaci take. Turawan da ke cika zaure suna kallon waɗannan finafinai suna ƙyalƙyala dariya, da fim ɗin suke dariya ko fim ɗin suke yi wa? Duka biyun akwai. Miami Connection na 1987 ya ɗanɗana na biyun. Y.K. Kim, malamin taikwando ɗan asalin Koriya da ke Orlando a Florida, ya tara ɗalibansa suka yi fim a kan wasu mawaƙa marayu da ke yaƙar dillalan hodar iblis masu yawo a babura. Ya zuba kusan dala miliyan 1, fim ya faɗi warwas, ya kusa tsiyacewa. Sai a 2009 wani ma'aikacin silimar Alamo Drafthouse ya sayi tsohon kwafinsa a eBay da kuɗi ƙalilan, aka sake fitar da shi a 2012, jama'a suka yi ta tururuwa. Da yawa sun zo ne su yi dariyar kurakuransa, wasu suka fita suna son sa saboda zuciya ɗaya da aka yi shi da ita. Kuɗin Kim sun ninka na Nabwana sau dubbai, ba su hana a yi masa dariyar da bai nema ba. Nabwana kuwa ya san inda abin dariya yake a fim ɗinsa, shi ya ajiye shi a wurin da hannunsa, maƙwabtansa sun riga kowa darawa. Bambancin a sanin mai kallo yake. Kim duniya ya so ya burge da wata Miami da ya gani a finafinan wasu, kama da wane kuwa ba ta wane.

Mu ma an taɓa yi mana wannan gargaɗi, tun da daɗewa, kuma daga cikin gida. A 1966 Moustapha Alassane na Nijar ya yi Le Retour d'un aventurier, labarin wani saurayi da ya dawo daga tafiya da akwati cike da kayan kaboyi, ya raba wa abokansa huluna da takalma da bindigogi. Suka ɗauki sunayen Turawa, suka hau dawaki, suka addabi ƙauyensu da sata da duka, har wasa ya kai ga zubar da jini. Da ɗan abin hannunsa Alassane ya yi fim ɗin faɗa wanda ke tambayar abin da finafinan faɗa na waje ke yi wa samarin gari. Zalika Souley da ta fito a ciki ta sha tsangwama a rayuwarta saboda mutane sun kasa raba ta da irin matan da take fitowa a matsayinsu, kamar yadda Rahmatou Keïta ta nuna a fim ɗin da ta yi a kan rayuwarta. Duk wanda ke fitowa a ɗan daba a fim ɗin Hausa yau ya san ragowar wannan hali.

Harkar fim ta Kano ita kanta daga ƙungiyoyin samari masu wasan kwaikwayo ta taso, kuma Turmin Danya da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar a 1990 shi ake ɗauka a matsayin mafarin kasuwar. Soyayya da waƙa suka mamaye ta shekaru da yawa. Da YouTube ya zo, aka daina jiran ɗan kasuwa ya sayi fim, labaran daba suka samu ƙofa, shiri mai dogon zango irin A Duniya ya tara masu kallo, samari a unguwanni da makarantu suka bi sahu da wayoyinsu. Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001, ta mayar da martani: a 2021 ta hana finafinan da ke nuna garkuwa da mutane, shaye-shaye da ƙwacen waya, a 2024 kuma ta hana masu nuna harkar daba.

Ban raina tsoron da ya haifar da wannan hani ba. Ƙwacen waya da faɗan daba sun sa iyaye da yawa zaman makoki a Kano, kuma gaskiya ne akwai finafinan da ba abin da suke yi sai ƙawata ɗan daba: a ba shi kirari, a sa masa kiɗa idan ya shigo, a nuna wuƙarsa tana walƙiya, yaro ɗan shekara goma sha biyu ya tashi daga kallo yana kwaikwayon tafiyarsa. Amma hana nuna abu gaba ɗaya yana kashe mai kyau tare da maras kyau, kuma wanda ke ɗorawa a intanet daga wata jiha hanin bai kai gare shi ba. Ma'aunin da na fi yarda da shi shi ne a duba ko fim ya bi sara zuwa inda ya ƙare. Ya nuna uwar da aka kawo wa gawa? Ya nuna layin asibiti da kuɗin jinin da babu? Ya nuna wanda ya raba wa yaran kuɗi da ƙwaya ana gobe zaɓe, sannan ya daina ɗaga wayarsu? Finafinan samari sukan tsallake wannan ɓangare saboda ya fi wuyar wasa, alhali shi ne mafi arha wajen ɗauka, kuma shi ne wanda su kaɗai suka san shi ciki da waje. Ɗakin uban Goose a Dayton irin wannan fitowa ce.

Kayan aiki sun daina zama uzuri. Wayar da ke aljihun ɗalibi a Zariya ko Maraɗi tana ba da hoton da ya fi na kaset ɗin da aka fara Kannywood da shi tsabta. Samarin The Critics Company na Kaduna, duk da su labaran almarar kimiyya suka fi yi, sun nuna haka: da waya mai fasasshen gilashi da koren ƙyallen da suka yi tari suka saya suka koyi haɗa hoton kwamfuta daga darussan YouTube, har labarinsu ya bazu a 2019, daraktan fim J.J. Abrams ya aiko musu da kayan aiki daga Amurka. Inda finafinan ɗalibai ke faɗuwa har yanzu shi ne sauti. Mai kallo yana yafe hoto mai duhu, amma ba ya zama ya saurari maganar da iska da janareta suka cinye, ko ƙarar naushin da aka kwaso daga intanet wadda ke sauka kafin hannu ya isa. Mafi yawan masu farawa duk kuɗinsu a kyamara da jinin ƙarya suke ƙarewa, makirufo sai abin da ya rage.

Sai matsalar da ba a cika magana a kanta ba, wato ajiya. Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka ya sa El Mariachi cikin kundin finafinan da ƙasa ke adanawa a 2011. Who Killed Captain Alex? kuwa asalinsa ya ɓace, domin Nabwana goge tsohon fim yake yi daga kwamfuta don ya samu wurin sabo, abin da duniya ke kallo yau daga kwafin faifai aka ceto shi, da dishi-dishinsa. Kowace shekara ɗalibai a Cibiyar Koyon Fim ta Ƙasa da ke Jos, da sassan wasan kwaikwayo da na aikin jarida a jami'o'i irin su Bayero da Ahmadu Bello, da makarantar koyon aikin jarida da ke Yamai, suna ɗaukar gajerun finafinai a tashoshin mota, kasuwanni da lungunan da wasunsu za a rushe nan da 'yan shekaru. Fim ɗin da aka yi don cin jarrabawa, da zarar an ba da maki, yakan ƙare a filashin mai shi ko a wayar da za a sayar idan kuɗi sun yanke. Sashen da ke karɓar fim a matsayin aikin kammala karatu zai iya sharɗanta a miƙa kwafi biyu na asali, ɗaya ga sashe ɗaya ga laburaren jami'a, tare da takarda mai sunayen waɗanda suka yi aikin, da unguwannin da aka ɗauka, da shekarar.